D.O. Fagunwa: Malamin makarantar da ya shigo da aljanun kurmi cikin aji

Matafiyin da ya taso daga Abuja zai nufi Ilorin ko Ibadan ta hanyar Bida, ba makawa sai ya tsallake Kogin Kaduna a Wuya. Yau gada ce a wurin, mota kan wuce kafin fasinja ya gama kallon ruwan. A shekarar 1963 kuwa jirgin fito ne ke ɗaukar motoci da mutane, kowa ya bi layi ya jira nasa lokacin. A wannan mafita ce, da safiyar ranar 7 ga Disamba na shekarar, ajali ya riski Daniel Olorunfemi Fagunwa, mutumin da Yarbawa suka ɗauka a matsayin uban ƙagaggen labari a harshensu. Yana da kimanin shekara 60 a duniya.

Littattafan labari biyar ya bari, dukkansu da Yarbanci, cike da maharba da aljanu da dodanni da garuruwan da babu su a taswira. Da wuya a sami wanda ya yi makaranta a tsohon Yankin Yamma bai san sunan Akara-ogun ba, kamar yadda da wuya a sami ɗan makarantar Arewa na wancan zamani da bai san akun Magana Jari Ce ba. Abin mamaki a rayuwarsa shi ne matsayin da ya rubuta waɗannan littattafai a cikinsa. Malamin makarantar mishan ne, daga baya kuma jami'in ilimi na gwamnati, wato irin mutumin da ake sa ran zai raba yara da labaran iskoki. Sai ga shi shi ne ya kwaso labaran daga bakin tsofaffi ya zuba su cikin jakar ɗan makaranta.

An haife shi a 1903 a Oke-Igbo, wani gari da ke cikin Jihar Ondo ta yanzu. Ma'anar sunan garin ita ce tudun kurmi. A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu, domin kalmar za ta yi ta maimaituwa: "igbo" a Yarbanci kurmi take nufi, ba ta da alaƙa da sunan al'ummar Ibo, karin sautinsu ma daban ne. Garin kuwa ya ci sunansa. Kurmi ne mai duhu ya kewaye shi, da duwatsu da koguna da ƙoramu, kuma farauta sana'a ce mai daraja a wurin. Maharbi a ƙasar Yarbawa mutum ne da ake jin tsoro, yana da kirarinsa da waƙoƙinsa da guraye da layunsa, kuma shi kaɗai ke kwana inda sauran mutane ba sa iya shiga da rana. Idan ya dawo ya ce ya ga abu kaza, ba mai musa masa.

Sunayen gidansu kawai sun isa su ba da tarihin zamanin. Farkon sunan Fagunwa daga Ifa ya fito, tsarin duba na Yarbawa. Sunan mahaifiyarsa, Osunyomi, yana ɗauke da Osun, abar bautar da ake dangantawa da kogi. Shi kansa Oroowole aka raɗa masa, daga Oro, ƙungiyar asiri ta maza wadda idan ta fito da dare mata ba sa leƙowa waje. Iyayen sun karɓi Kiristanci daga baya, uban ya zama Joshua, uwar ta zama Rachel. Shi kuma ya ajiye Oroowole ya ɗauki Olorunfemi, wato Ubangiji yana ƙaunata. Sunan ya canza, amma abin da kunnensa ya ji a ƙuruciya bai bar shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Bai shiga makaranta da wuri ba. A 1916, yana kusan shekara 13, ya fara karatu a makarantar St. Luke ta garinsu, ya gama a 1924, ya ɗan koyar a can a matsayin malami mai koyon aiki. Daga 1926 zuwa 1929 ya yi Kwalejin St. Andrew da ke Oyo, wadda ƙungiyar mishan ta CMS ta kafa domin horar da malamai, a harabar da Jami'ar Ajayi Crowther take a yau. Da ya gama sai aka riƙe shi a makarantar gwajin koyarwa ta kwalejin, aka ba shi shugabancin sashen ƙananan yara. Ya yi wannan aiki daga 1930 har 1939.

Masu ba da tarihinsa sukan wuce waɗannan shekaru goma da sauri, alhali a cikinsu ne marubucin ya ginu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan shekara shida ya san ba sa yi wa mai magana kara. In labari ya yi sanyi za su juya baya, in ya yi tsawo za su yi barci. Wanda ya shekara goma yana riƙe hankalinsu dole ya san inda ake sa tsoro da inda ake sa dariya, da lokacin da ake tsayawa a bar mai sauraro da ƙishi. Duk wannan yana nan a shafukan Fagunwa. Babinsa ba ya jan ƙafa, kuma jimlarsa an gina ta ne domin a karanta da ƙarfi a gaban jama'a.

Lokacin da ya fara rubutu, Yarbanci ya daɗe da shiga takarda. Bishop Samuel Ajayi Crowther da abokan aikinsa sun fassara Baibul, jaridar Iwe Irohin ta fara fitowa a Abeokuta tun 1859, kuma I.B. Thomas ya buga labarin Segilola kashi-kashi a jaridarsa ta Akede Eko a Legas wajen 1929 zuwa 1930. Abin da aka rasa shi ne littafin da yaro zai ɗauka don kansa, ba don an tilasta masa ba. Hukumomin ilimi na mulkin mallaka sun lura da wannan giɓi a harsuna da dama, shi ya sa shekarun 1930 suka zama shekarun gasar rubutu. Omenuko na Pita Nwana a harshen Ibo daga irin wannan gasa ya fito. A Zariya, gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Fagunwa ma domin shiga wata gasar ya rubuta littafinsa na farko, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, wanda kantin littattafan CMS ya buga a 1938. Ma'anar sunan ita ce jarumin maharbi a kurmin iskoki ɗari huɗu.

Tsarin littafin mai sauƙi ne. Marubucin yana zaune a gida wata safiya, sai ga wani tsohon maharbi ya shigo ya ce a ɗauko alƙalami a rubuta abin da ya gani a duniya kafin ya mutu da shi. Sunan tsohon Akara-ogun, wato dunƙulen asiri. Ubansa maharbi ne kuma mai magani, uwarsa mayya ce. Kullum ya zo ya ba da wani kashi na labarin, a ci abinci, ya tafi, washegari jama'ar da ke taruwa su ƙaru. Tun a shafin farko Fagunwa ya kwatanta labarin da kiɗa, shi ne makaɗi, mai karatu ne zai yi rawa. Da wannan dabara ya mayar da littafi ya zama dandali, ya sa yaron da ke karatu shi kaɗai ya ji kamar yana zaune cikin taro.

Sau uku Akara-ogun ya shiga kurmin. A tafiya ta farko da ta biyu neman nama da dukiya ne ya kai shi, kuma a nan ne halittun da suka hana yaran Yarbawa barci suka fito. Akwai Egbere, gajeren aljani da ke yawo da 'yar tabarmarsa yana kuka ba dare ba rana, wanda Yarbawa suka daɗe suna cewa duk wanda ya ƙwace tabarmar zai yi arziki. Akwai Agbako mai ido goma sha shida, wanda ma'anar sunansa ita ce masifa, kuma asirin maharbi bai ci shi ba. Akwai wata halitta da ta kama Akara-ogun ta mayar da shi doki, tana hawansa tana dukansa, ta ɗaure shi a kogonta tana ba shi ɗanyar doya. Yadda ya kuɓuta ya nuna irin hankalin marubucin. Sai da ya koya wa dodon dafa doya har ya sami yardarsa, da dodon ya tambaye shi amfanin bindigar toka sai ya ce masa ruwa take fitarwa. Dodon ya sa bakin bindiga a bakinsa, maharbi ya ɗana. Mai karatun da ya tashi da labaran Gizo zai gane wannan wayo nan take.

Daga baya ya sami karɓuwa a garin iskoki saboda iya kiɗa, ya zama na hannun daman sarkinsu, hassada ta biyo baya. Suka binne shi tsaye har wuya, suka shafa masa zuma a kai domin ƙudaje, ruwan sama ne ya tausasa ƙasar ya fita. A wani wurin kuma, da ƙarfinsa ya ƙare, uwarsa da ta daɗe da mutuwa ya kira, ta fito ta taimake shi. Fagunwa bai yi wa yara sassauci ba wajen ban tsoro. Jini yana zuba a littafin, abokai suna mutuwa, jarumin kansa yakan tsorata ya yi kuka ya roƙi Allah.

Tafiya ta uku ita ce zuciyar littafin, kuma ita ce ta raba shi da tatsuniyar da aka saba ji. A wannan karon ba don kansa ya fita ba. Sarkin garinsu ne ya kira shi ya aike shi Dutsen Langbodo, ya samo abin da zai kawo wa ƙasa zaman lafiya da ci gaba. Akara-ogun ya riga ya yi arziki, ba ya bukatar komai a kurmi, amma ya amsa. Ya tara manyan maharba shida, shi ne na bakwai, kowanne da baiwarsa da kuma aibinsa. Kako ƙaƙƙarfa ne mai kulki. Imodoye mai hikima ne da sanin asiri. Olohun-iyo kyakkyawa ne, mawaƙi kuma makaɗi. Elegbede-Ode a cikin namun daji ya tashi, yana jin maganarsu. Efoiye maharbin baka ne mai gashin tsuntsu a jiki. Aramada-Okunrin kuwa komai nasa a juye yake, idan ana zafi sanyi yake ji, idan ana sanyi sai ya yi gumi.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin da aka haɗa mutane masu hali daban-daban aka ce su cim ma abu ɗaya, zai ga abokan aikinsa a cikin wannan ayari. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya kai wa Langbodo shi kaɗai. Da suka haɗu da Eru, wato Tsoro, ƙarfin damtse bai yi aiki ba, waƙar Olohun-iyo ce ta kore shi. Da suka isa, sai aka sauke su a gidan wani mai hikima, Iragbeje, suka yi kwana bakwai suna sauraron darasi a kan tarbiyyar yara da sanin iyaka da girmama Allah. Abin da aka aike su nema ashe ilimi ne. A hanyar dawowa ayarin ya watse, kaɗan ne suka iso gida, su ma sun tarar da an tsufa an kusa mantawa da su. Malami ne ya rubuta wannan a shekarun 1930, yana kallon ɗalibansa waɗanda ya san su ne za su riƙe ofisoshi idan Turawa suka tafi, kuma bai ɓoye musu cewa aikin ƙasa yana cin masu yin sa ba.

Kayan da ya gina littafin da su ba daga kurmin Oke-Igbo kaɗai suka fito ba. Halittun da ke ɗauke da sunayen halaye, irin su Tsoro da Masifa da Iranlowo, wato Taimako, wadda ke zuwa ceton jarumi idan ya shiga uku, sun nuna sawun littafin John Bunyan na tafiyar mai ibada, wanda aka daɗe da fassarawa zuwa Yarbanci ana karantawa a makarantun mishan. Akwai labaran Baibul, akwai tatsuniyoyin Aesop, akwai ƙamshin Dare Dubu da Ɗaya. Farfesa Ayo Bamgbose ya bi diddigin waɗannan tushe a littafin nazari da ya fitar a kan Fagunwa a 1974. Gwanintar ita ce yadda ya narkar da su duka a tukunya ɗaya har mai karatu ba ya iya cewa ga na gida ga na aro.

A nan ne kamanninsa da Abubakar Imam ya fi fitowa. Dukkansu malaman makaranta ne lokacin da suka fara, Imam a Midil ta Katsina, Fagunwa a Oyo. Dukkansu gasa ce ta fito da su. Magana Jari Ce ya fito tsakanin 1937 da 1939, wato Ogboju Ode ya faɗo ne a tsakiyarsa, kuma shi ma Imam ya ɗebo daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa wa labaran rigar Hausa. Inda suka rabu shi ne wuri da murya. Duniyar Imam ta fada ce da kasuwa da zauren alƙali, makaminsa raha da iya magana. Duniyar Fagunwa kurmi ce, makaminsa tsoro da wa'azi. Imam yakan sa mai karatu dariya ya bar shi ya gano darasin da kansa. Fagunwa ba ya yarda da haka, sai ya tsayar da labari ya fuskanci mai karatu ya faɗa masa abin da ya kamata ya koya.

Bayan fitowar littafin, rayuwarsa ta zama ta ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki. Ya koyar a Owo daga 1940 zuwa 1942, ya koma makarantar CMS Grammar a Legas a 1943, ya je wata makarantar 'yan mata a Benin, sannan Kwalejin Igbobi, wadda Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka mayar da ita Ibadan na ɗan lokaci. A 1946 ya sami tallafin karatu na British Council ya tafi Ingila, ya dawo a 1948 ya koyar a cibiyar horar da malamai ta gwamnati a Ibadan, ya sake komawa Ingila a 1950. Tafiyar farko ta haifar da Irinajo, labarin abin da ya gani a ƙasar Turawa, wanda ya rubuta wa mutanen gida da harshensu.

Shekara goma sha ɗaya ta wuce kafin labarinsa na biyu ya fito, amma a 1949 sai ga biyu a tare, Igbo Olodumare da Ireke Onibudo. Masu karatu da yawa suna ganin Igbo Olodumare, wato Kurmin Ubangiji, shi ne ƙololuwar aikinsa. A cikinsa Akara-ogun ya dawo ya ba da labarin mahaifinsa, Olowo-aiye, wanda ya auri mayya a bakin kurmi, ya yi kokawa da Anjonnu-iberu mai tsaron ƙofa, ya fuskanci Ojola-ibinu sarkin macizai, ya kuma zauna gaban wani tsoho mai dogon gemu da ke zaune a kan tsinin dutse yana ba da labarai. Kurmin da ya ara wa littafin suna na gaske ne, yana nan kusa da Oke-Igbo, yanzu ma masu yawon buɗe ido suna zuwa ganinsa saboda littafin. Irinkerindo Ninu Igbo Elegbeje ya biyo baya a 1954, sai Adiitu Olodumare a 1961, wanda a cikinsa rayuwar zamani ta fara kutsowa, iskoki suka ɗan ja baya.

A 1955 ya dawo gida ya kama aiki a matsayin jami'in ilimi a sashen wallafa na Ma'aikatar Ilimi ta Yankin Yamma. Shekarar ba ƙarama ba ce. A watan Janairunta ne gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara shirin ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka taɓa gani, kuma kowane yaro yana bukatar abin karantawa. Fagunwa yana cikin waɗanda nauyin samar da shi ya hau kansu. Ya haɗa hannu da L.J. Lewis suka rubuta jerin littattafan koyon karatu na Taiwo ati Kehinde, ya kuma tace tarin gajerun labarai mai suna Asayan Itan. Kamfanin Nelson yana ta sake buga labaransa, makarantu suna saye. Wannan haɗuwa ta marubuci mai baiwa da gwamnatin da ta buɗe makarantu ita ta sa sunansa ya shiga kowane gida. Da ɗaya ya zo babu ɗayan, da labarin ya bambanta. A 1955 ɗin ne aka ba shi kyautar Margaret Wrong ta rubutun Afirka, a 1959 kuma aka ba shi lambar MBE. Daga baya ya bar aikin gwamnati ya zama wakilin kamfanin wallafa na Heinemann a Najeriya.

Aikinsa bai rasa aibi ba. Tsarin labaran kusan ɗaya ne, jarumi ya fita, ya sha wuya, ya sami mai hikima ya yi masa wa'azi, ya dawo. Wa'azin kan yi tsawo har yaro ya tsallake shafi yana neman inda dodo zai sake fitowa. Mata kuma ba su ji daɗin alƙalaminsa ba, sau da yawa ko mayu ne ko masu jan namiji zuwa halaka, in ban da 'yan kaɗan irin Iranlowo. Wuri mafi nauyi shi ne inda Kako, a ranar aurensa, ya sare amaryarsa saboda ta riƙe shi tana hana shi bin ayarin Langbodo, labarin kuma ya ci gaba da tafiya da shi a matsayin gwarzo. Malamin da zai karanta wa yara wannan a yau dole ya tsaya ya yi bayani. Haka nan biyayyar da yake koyarwa ga sarki da na gaba ba ta bar wa mai tambaya wuri sosai ba.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne harshe. Yarbawa sukan ce ba labarin ne ke riƙe su ba kamar yadda aka faɗe shi: karin magana a kan karin magana, kirari, maimaici mai kama da kiɗa, zuguguwar da ke sa a yi dariya ana tsoro, da sunayen da shi ya ƙera su amma suka zauna a baki kamar an gaje su. Wannan ne ya sa fassara shi ta zama aiki ja. Wole Soyinka, wanda ya fitar da fassarar littafin farko da Turanci a 1968 da sunan Forest of a Thousand Daemons, sai da ya ƙirƙiro sabuwar kalma domin halittun kurmin, saboda aljanun tatsuniyar Turawa ba su yi kama da su ba. Iskoki ɗari huɗu ma ya mayar da su dubu, domin a kunnen Bature dubu ce ke ba da ma'anar abin da ba ya ƙirguwa. Ya sake komawa ga Fagunwa bayan shekara arba'in da 'yan kai, ya fassara Igbo Olodumare a 2010.

Jinkirin fassarar ya jawo wani abu mai ɗaci. A 1952 kamfanin Faber na Landan ya buga The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, labarin kurmi da iskoki cikin wani irin Turanci na kansa. Turai da Amurka suka yi ta yabo, suna ganin sabon abu ne da ba a taɓa yi ba. Yarbawa masu karatu da yawa kuwa suka ce ai wannan kurmin sun san mai shi. Tutuola yana da tasa baiwar, kuma rijiyar da suka ɗebo ruwa ɗaya ce, amma gaskiya ne duniya ta san wanda ya rubuta da Turanci shekara goma sha shida kafin ta iya karanta wanda ya riga shi. Fagunwa ya iya Turanci, ya zauna a Ingila shekaru, yana da hanyar da zai bi ya nemi wannan suna. Ya ci gaba da rubuta labaransa da Yarbanci har littafinsa na ƙarshe.

Aikin Heinemann ne ya kawo shi Arewa a ƙarshen 1963, yana zagaya makarantu da ofisoshin ilimi kan harkar littattafai. A hanyarsa ta komawa Ibadan ya yada zango a Bida, ya yi sammako da direbansa zuwa Wuya domin su sami layin farko. Jirgin fito bai fara aiki ba, sai ya sauka yana taka ƙafa a bakin ruwa. Gaɓar ta zabtare da shi, ya faɗa kogin, wani kwalekwale da ke wurin ya kife a kansa. Sai bayan 'yan kwanaki aka sami gawarsa.

Kafin gawar ta isa gida, labari ya riga ta. Aka ce ba a ga gawa ba, aka ce hularsa kawai aka tsinta, aka ce iskokin da ya tona wa asiri ne suka zo suka tafi da shi ƙarƙashin ruwa. Mutanen da suka tashi da littattafansa sun kasa yarda cewa wanda ya san hanyar Langbodo zai mutu saboda santsin gaɓa. Jita-jitar ta yi shekaru tana yawo a makarantu, yara suna gaya wa ƙannensu, har mai ɗakinsa ta sha fitowa tana bayyana cewa an kawo gawar, an yi mata sutura, an binne ta a gaban jama'a. Kabarin yana maƙabartar cocin St. Luke a Oke-Igbo, cocin da makarantarsa ta koya masa karatu a 1916.